Abin da ke ƙarƙashin fenti: yadda ake farfaɗo da jikin tsohuwar mota a ƙasar Yawuri

Duk wanda ya tsaya a tashar mota a Yelwan Yawuri ranar kasuwa, ya dubi motocin da ke lodin albasa da kifi da buhunan shinkafa, zai lura da yawa daga cikinsu sun girmi yaran motar da ke ɗaure musu kaya. Akwai Golf, akwai Sharon, akwai J5 da Kanta, jefi-jefi kuma a hangi Peugeot 504 tana tafe a sunkuye. Ƙasashen da suka ƙera su sun daɗe da yin ban kwana da su. Hannun mutum uku ne ya riƙe su a kan titi: bakanike mai kula da inji, fanalbita mai gyaran jiki, da mai fenti. Wannan bayani ya shafi aikin biyun ƙarshe ne, musamman shafen farko da ake fesa wa ƙarfe kafin launi, wanda masu sana'ar ke kira faraima. Shi ne kaso mafi muhimmanci a aikin, shi ne kuma wanda mai mota ba ya gani ranar da ya zo biyan kuɗi.

Dalilin da ya sa tsohuwar mota ta ƙi yin ritaya

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma an yi zamanin da ma'aikacin gwamnati kan karɓi bashin mota ya fito da sabuwar 504 dal. Karyewar darajar naira daga tsakiyar shekarun 1980 ta kawo ƙarshen wannan zamani, kasuwa ta koma hannun motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Jihar Kebbi, da ke iyaka da Benin da Nijar, tana cikin hanyoyin da suke biyowa. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agustan 2019 kuma ta rufe iyakokin har zuwa Disamban 2020. Sai ga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira ta nemi farashinta a kasuwa makonni kaɗan bayan haka: dalar da ake sayarwa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024.

Ma'anar wannan ga direban da ke jigila tsakanin Wara da Yelwa, ko daga Shanga zuwa Koko, a fili take. Motar da ya kamata ya sauya shekaru biyar da suka wuce, ita zai ci gaba da tuƙawa. Kuɗin fenti da tina da foti su ma sun tashi, domin ko dai daga waje ake shigo da su, ko kuma sinadaran haɗa su. Mai mota na neman rangwame, mai gareji na neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma wurin da ya fi sauƙin ragewa shi ne wanda fenti zai rufe.

Tsatsa a bakin tafki

Ƙarfe na yin tsatsa idan ya haɗu da ruwa da iska. Tsatsar ta fi ƙarfen da ta cinye girma, shi ya sa take kumbura fenti daga ciki, ta fito da ƙuraje kafin ta huda. Motar da ta fito daga masana'anta tana da kariyar da babu garejin da zai iya maimaitawa: ana tsoma gangar jikin gaba ɗaya cikin kwamin faraima, a sa wutar lantarki ta manna shi a kowane lungu, sannan a gasa. Wasu motocin, irin su Golf 4 da ta fito a 1997, an lulluɓe ƙarfensu da sinadarin zink tun kafin wannan mataki. Duk inda aka yi walda ko aka gurje har ƙarfe ya bayyana, wannan kariya ta tafi, sai abin da mai gyara ya mayar.

Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ruwan daɗi ne, don haka iskar Yawuri ba ta ɗauke da gishiri kamar ta Legas. Gishirin ta wata ƙofa yake shigowa. Takin zamani da ke zubewa a bayan a-kori-kura yana cin ƙarfe kamar gishiri, haka ma ruwan ɗanyen kifi da ƙanƙarar da ke narkewa a cikin but. Laka da ke maƙalewa a saman taya lokacin damina tana riƙe danshi makonni. Motocin da suka fito daga ƙasashe masu dusar ƙanƙara kuwa da cutarsu suke zuwa, domin can gishiri ake barbaɗa wa titi lokacin sanyi. Wuraren da suka fara ruɓewa kusan kullum ɗaya ne: daɓen mota a ƙarƙashin kafet, dokin ƙofa, gindin ƙofofi inda ramukan tsiyayar ruwa suka toshe, bakin gilashin gaba, da mazaunin batir.

Akwai bambancin da ya kamata fasinja ma ya sani. Kanta da Hilux suna da ƙashin baya na ƙarfe mai kauri wanda jiki ke zaune a kai. Golf da Sharon ba su da shi. Daɓe da dokin ƙofa da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi su ne ƙashin. Ruɓa a waɗannan wurare ta wuce batun kwalliya, domin su ne ke hana mota naɗewa a kan mutane idan an yi karo.

Guduma da wuta

Aikin fanalbita yana farawa da wanki da kwance duk abin da zai kwantu: fitilu, bamba, robobin gilashi, hannun ƙofa. Sannan a gurje wurin da ya lalace har sai an ga farin ƙarfe, a wuce iyakar tsatsar da ake gani da ɗan tazara, domin takan yi rarrafe a ƙarƙashin fentin da ke da alamar lafiya.

Lotsawa ana fitar da ita ne da guduma a waje da dunƙulen ƙarfe a tokare ta ciki. Gwani ba ya fara dukan tsakiyar rami. Yakan fara da gefe, inda ƙarfen ya yi tudu, ya bi a hankali zuwa ciki, wato ya warware lotsawar ta hanyar da ta shigo. Fatar mota ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, yawan duka yana miƙar da ita ta yi tumbi mai motsi idan an danna. Maganin wannan shi ne a gasa ɗigo ɗaya da wuta har ya yi ja, a bubbuga kewayensa, a sanyaya da jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke.

Inda tsatsa ta huda, hanya ɗaya ce: a yanke ruɓaɓɓen, a yanko sabon falle mai kauri daidai da shi, a liƙa da walda. Waldar gas, wadda ake samar da wutarta daga kabaid da iskar oksijin, ita ta fi yawa a ƙananan garejoji saboda ba ta jiran wutar lantarki. Illarta yawan zafi, wanda ke murɗe falle ya kuma ƙone kariyar da ke bayan ƙarfen, inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa ake ɗiga waldar nan da can, a bari ta huce, maimakon a ja ta layi guda. Ginshiƙan motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau galibi na wani ƙarfe ne mai tauri na musamman wanda wuta ke kashe masa ƙarfi. Idan an gasa shi an miƙar, ido zai ga ya koma daidai, amma ba zai sake ɗaukar karo kamar da ba.

Foti

Kafin shekarun 1950 da narkakkiyar dalma ake cike ƙananan ramukan da guduma ta bari. Foti na zamani, wanda wasu ke kira bodifila, shi ya maye gurbinta. Ƙullu ne da ake cakuɗawa da ɗan maganin daskarewa, kimanin kashi 2 cikin 100. Idan maganin ya yi yawa yakan ɓullo ta cikin fenti ya bar tabo, idan ya yi kaɗan fotin ba zai ƙame ba. A yanayi mai sanyi-sanyi mai aiki na da minti huɗu zuwa biyar kafin ya fara tauri. A zafin Afrilu na Yawuri, lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40, bai kai haka ba, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa.

An yi foti ne don ya daidaita abin da guduma ta kusa gamawa. Kaurin milimita uku ya isa, abin da ya wuce shida kuwa jiran tsagewa yake, balle a kan hanyoyin da suka ratsa ƙauyukan Ngaski da Shanga. Sannan foti yana shan ruwa kamar soso. Wanda ya toshe huda da shi, ko ya cusa raga da kwali a baya ya shafe, ya yi gyaran gangar Auzinawa: danshi zai shigo ta baya, ya zauna tsakanin foti da ƙarfe, tsatsar ta ci gaba da cinta a ɓoye fiye da da. Saboda wannan dalili ne ma ba a son goge foti da samfefa da ruwa, duk da cewa al'adar ta zama jiki a garejoji da yawa don gudun ƙura. A busasshe ake goge shi, da katako mai faɗi a bayan samfefar, a fara da lamba 80 a gama da 180. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi.

Faraima iri-iri ne, aikinsu ba ɗaya ba

A bakin mutane faraima abu guda ne mai launin toka. A gaskiya ayyuka uku ake nema a wurinsa: ya kama ƙarfe, ya tare ruwa, ya cike ƙananan zane-zanen da samfefa ta bari. Babu wanda ke yin ukun daidai wa daida.

Mafi araha shi ne mai bushewa da iska, wanda tina kawai ake zuba masa. Zuriyar fentin Duco ne, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar a farkon shekarun 1920, ya rage kwanakin fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i. Yana bushewa cikin mintuna, yana da daɗin gogewa, shi ya sa masu gaggawa ke son sa. Amma yana da ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa na ratsa shi. Yana kuma ci gaba da tsukewa bayan an gama aiki, sai bayan wata biyu ko uku a ga sawun samfefa da iyakar foti sun fito a jikin fenti. Motar da ake gani tana yawo da faraima mai toka wata da watanni, mai ita na tara kuɗin launi, tsatsa take yi a ƙarƙashi ko da ba a gani.

Na biyu shi ne mai ɗauke da ɗan asid, wanda ke cizon ƙarfe ya manne. Siriri ake fesa shi a kan tsiraicin ƙarfe, ba ya cike komai, kuma ba a ɗora foti a kansa domin asid ɗin na hana fotin kamawa.

Na uku shi ne ifoksi, mai zuwa gwangwani biyu da ake haɗawa. Shi ne mai tare ruwa da gaske, kuma ana iya ɗora foti a kansa bayan ya ƙame. Ga motar da za ta yi rayuwarta tana ɗaukar kifi daga bakin ruwa, ko tana ratsa fadama da damina, wannan shi ne shafen da bai kamata a tsallake ba. Matsalarsa biyu ce, tsada da jinkirin bushewa, kuma su ne ainihin abubuwan da mai mota da mai gareji suka haɗu a kan ƙi.

Na huɗu shi ne mai kauri da ake kira 2K, shi ma da maganin daskarewa, galibi kashi huɗu da ɗaya, ko yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Aikinsa cikewa da daidaitawa. Tsarin da ya fi inganci shi ne ifoksi a kan ƙarfe, foti inda ake bukata, 2K a sama, sannan launi. Da zarar an haɗa shi da maganinsa agogo ya fara bugawa: yana da kamar sa'a ɗaya kafin ya daskare a cikin bindiga, kuma ƙarin digiri goma na zafi yana rage wannan lokaci da kusan rabi.

Yadda ake feshin

Bindigar fenti ta samo asali ne daga na'urar fesa magani a maƙogwaro da wani likita Ba'amurke, Allen DeVilbiss, ya ƙera. Ɗansa Thomas ya mayar da ita ta fenti a 1907. Har yau ƙa'idar ba ta sauya ba: iska mai ƙarfi daga kwamfireso tana farfasa ruwan fenti ya zama hazo.

Faraima ya fi launi kauri, don haka bakin bindigarsa ya fi faɗi, milimita 1.7 zuwa 2, na launi kuwa 1.3 ko 1.4. Wanda ke da bindiga ɗaya tak yakan tsinka faraiman da tina fiye da kima don ya fita, ya kuwa rasa kaurin da aka saye shi dominsa. Tazarar bindiga da jikin mota kamar ɗani guda ce, santimita 15 zuwa 20. Hannu na tafiya a miƙe, daidai da jikin motar, da sauri iri ɗaya. Idan aka riƙa kaɗa wuyan hannu kamar mai fifita, tsakiya za ta yi kauri gefe ya bushe. Kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. A matse kunamar kafin a iso kan falle, a sake ta bayan an wuce. Ana yin shafe biyu ko uku, tsakanin kowanne a jira minti biyar zuwa goma har ƙyallin jiƙa ya dushe. Wanda ya yi gaggawar ɗora na biyu ya kulle tina a ciki, daga baya ta nemi hanyar fita ta bar ƙananan huda kamar na allura.

Kuskure kowanne da alamarsa. Kusantowa da yawa ko jan hannu a hankali na sa faraima zubar da hawaye. Nisantawa na sa shi sauka a bushe kamar yashi. Ramuka masu kama da idon kifi kuwa shaidar maiƙo ce, ko daga bakin mai da ke biyo iskar kwamfireso, ko daga man ƙyalli da aka taɓa shafa wa motar, ko daga fetur da aka goge jiki da shi a madadin abin wanke maiƙo. Tankin kwamfireso yana tara ruwa, a bakin tafki kuma ya fi tarawa. Sai an tsiyaye shi kullum, an kuma sa matatar ruwa a kan tiyo.

Bayan faraima ya ƙame akwai dabarar da ke raba gwani da ɗan koyo. A yayyafa baƙin fenti sama-sama, sannan a goge da katako. Inda baƙin ya rage rami ne, inda ƙarfe ya leƙo tudu ne. Gugar ƙarshe da lamba 400 ake yi idan launin zalla ne, 500 zuwa 600 idan mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne.

Lokaci uku, matsala uku

Littattafan da ke zuwa da fenti suna ɗauka ana aiki a rufaffen ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25. A Yawuri galibi a ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar bishiya ake yi. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, danshi ne abokin gaba: ƙarfen da aka gurje da yamma aka bari ya kwana yakan wayi gari da jan hoda, don haka ranar da aka tsiraita shi ranar ake rufe shi. Idan danshin iska ya haura kashi 80 cikin 100, fenti mai saurin bushewa yakan yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Ƙa'idar masu fenti a ko'ina ita ce jikin ƙarfe ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, wato a jira hantsi ya ɗaga.

Da hunturu iska ta bushe, sai dai ƙura. Ana yayyafa ruwa a ƙasa, a kewaye wurin da tamfol, a yi feshi kafin iska ta taso. Garuruwan bakin Kainji suna da wani ƙarin sha'ani: ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yakan ɗauki watanni kafin ya iso, don haka tafkin na cike a tsakiyar rani, safiya kuma na iya zuwa da raɓa ko da garin ya yi hazo. Da bazara kuwa zafi ne ke busar da feshi tun yana iska. Tina mai jinkirin tashi ake nema, kuma ba a fesa wa motar da ta sha rana sai ta huce.

Huhun yaron gareji

Maganin daskarewar 2K yana ɗauke da sinadarin aisosayanet. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana gargaɗin cewa masu fesa fentin mota sun fi sauran ma'aikata haɗarin kamuwa da asma da kusan ninki 80, a ƙasar da ake da ɗakunan feshi masu zuƙe iska. Hazon da ke yin illar ba a ganinsa, kuma yakan daɗe a wurin bayan an ajiye bindiga. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin, ɗan kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon har abada. Tsumma a hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare shi. Abin da aka amince da shi shi ne takunkumi mai kawo iska ta tiyo daga waje. Mai gawayi yana rage tururin tina, muddin ana sauya gawayin. Madarar da ake ba yara su sha bayan feshi ciki take zuwa, ba ta wanke huhu.

Tsohon fenti, musamman ja da rawaya na manyan motoci, yana iya ƙunsar dalma, kuma ƙurarsa na bin tufafi zuwa gida. Arewa ta san abin da dalma ke yi wa yara tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda aƙalla 400 suka mutu sakamakon sarrafa ma'adinin zinare a cikin gidaje. Majalisar Ɗinkin Duniya na neman ƙasashe su taƙaita dalma a fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan, sai dai wannan bai shafi fentin da aka fesa shekaru talatin da suka wuce ba, wanda shi yaro ɗan shekara goma sha biyar ke gurzawa. Yawancin masu koyon sana'ar a hannun maigida suke koyo, kuma abin da maigida bai saba ba, yaro ba zai gada ba. Akwai ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, akwai hukumar NADDC ta tarayya da ke da alhakin bunƙasa harkar motoci da horar da masu gyara. 'Yan majalisar da ke rabon kayan sana'a a mazaɓunsu kuma da wuya a ga takunkumi ko matatar iska a cikin kayan.

Abin da mai saye zai iya dubawa

Binciken lafiyar mota a kan hanya yakan tsaya a takardu da taya da fitila da birki. Ruɓaɓɓen dokin ƙofa da aka cike da foti aka fesa masa sabon launi zai wuce kowane shinge. Saura mai saye da kansa. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, yana saki inda foti ya yi kauri. A bi da shi gindin ƙofofi da saman tayoyi. A ɗaga kafet, a cire tayar safaya a duba ƙarƙashinta. A tsuguna a dubi gefen motar ta tsawonta da hasken safiya, inuwa za ta nuna inda jiki ke kaɗawa. Layin walda da ya ratsa daɓe daga gefe zuwa gefe alama ce ta mota biyu da aka yanka aka haɗe, irin wadda kan rabe gida biyu a karo. A kuma gwada lambar shasi da launin da ke rubuce a takardu da abin da ke jikin motar, domin sauya launi ba tare da gyara takardu ba yana jawo tsaiko a hannun jami'ai.

Wanda zai kai tasa gyara kuwa, ya raba biyan kuɗin gida uku, ya je da kansa sau biyu kafin ranar karɓa: ranar da aka gama walda ƙarfe na tsirara, da ranar da za a buɗe gwangwanin faraima, ya karanta abin da ke rubuce a jikinsa.